Mutum Goma Sha Huɗu a Unguwar Teku

Da rana tsaka muka ƙulla cinikin, ni da Tobias, a gindin mangwaron da ke bakin tasha, saura mako biyu a yi ƙidayar jama'a ta 1991. Ni ina da babbar mota mai bodin katako, shi kuma yana da mutane. Shi ne sakataren ƙungiyar 'yan ƙauyensu mazauna Jalingo, wani ƙauye a bayan duwatsu in ka bar titin Zing ka yi hagu. Bukatarsa in kwashe masa mutanensa kaf daga Unguwar Teku in kai su gida a ƙidaya su a can, in an gama in dawo da su. Ni kuwa doya nake hange. Na ce masa ya riƙe kuɗin motarsa, abin da nake so dattawan ƙauyen su yarda cewa doyarsu ta bana ba motar da za ta fito da ita sai tawa.

Ya dube ni ya yi dariya. "Andrawus, kai ko jibin Ubangiji aka miƙa maka a coci sai ka tambayi inda aka sayo burodin."

Na ce masa ai gara mutum ya sani. Muka tafa, ya sayo mana dafaffiyar gyaɗa muka ci, kowa ya kama gabansa. Ban tambaye shi ko Baba Job, dattijon unguwar, ya san da maganar ba, don na riga na san amsar.

Unguwar Teku, in ka je nemanta yau ba za ka same ta ba. A bakin kogi take, ƙasa da Mayo Gwoi, inda ruwa ya yi kwana ya bar fili mai yashi. Baba Job ne ya kafa ta. Shekara goma sha takwas ya yi yana dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, rikicin sittin da shida ya koro shi, bai wuce ƙauye ba ya tsaya a nan, ya roƙi izini ya sare ciyawa ya kafa bukka, shi da matarsa Esta, yayar Tobias. Da ruwan Agusta ya zo kogin ya cika ya shimfiɗe har ba a ganin ƙetare, ya tsaya a ƙofar bukkarsa ya ce, to, ga tekun ta biyo shi. Sunan ya zauna ke nan.

Mutane suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Yawanci 'yan ƙauyensu ne, amma akwai masunta daga wajen Karim, akwai gida uku na Tibi, akwai wani kafinta Bajukune, akwai Kadijatu, Bafulatana gwauruwa mai shanu uku da ke sayar mana da nono. Maza na haƙar yashi da noman lambu da rani, mata na wankau da dafa burukutu. Cocin unguwar da zana aka kewaye ta, masallacin kuwa duwatsu ne aka jera a gindin tsamiya, bai fi sahu ɗaya ba. Hausar wurin in Bakano ya ji sai ya dafe kai: mace "ya zo", namiji "ta tafi", amma ban taɓa ganin wanda ya ɓata a cikin zance ba. Ni ma da na bar aikin soja, ba gida ba mata, a ɗakin zauren Baba Job na yi shekara biyu ina cin tuwon Esta kafin in gina nawa.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Jemima, ƙyanda ta ɗauke ta tana da shekara tara. Dangi suka ce a kai ta ƙauye, Job ya ƙi. Ya binne ta a bayan ɗakinsa, ya dasa gwaiba a kai, ya bar fili daidai tsawon mutum a gefe. Kowa a unguwar ya san filin nan. In yara suka zo tsinkar gwaiba yakan ce su tsinka amma su bar taka masa gado.

A watan Agustan shekarar ƙidayar aka ba mu jiha, Jalingo ta wayi gari ta zama babban birni. Ma'aikata suka ɓarko daga Yola da katifu a kan motoci, ɗakin da ake ajiye awaki ya zama ɗakin haya. Ba a jima ba muka fara ganin safiyo da abin awonsu mai ƙafa uku suna leƙen fili a ƙetaren lambunanmu. Ɗaya daga cikinsu, Abdulsalam, mutumin Ilori, ya shigo gidan Job neman ruwan sha, Job ya zaunar da shi ya tambaye shi gaskiyar magana. Mutumin ya ce masa gwamnati na bukatar fili da yawa. Inda ta tarar da jama'a sai ta ja hanya ta kewaye su, inda ba ta tarar da kowa ba sai ta yanka fuloti. Ya ce ƙidaya na tafe, su tabbata ta same su a gida.

Job bai yi makaranta ba amma ya san yawan mutanensa. Yana da wani tsohon gwangwanin madara da ƙwayoyin masara a ciki. In an haihu ya jefa ɗaya, in an mutu ko an tashi ya cire ɗaya. A watan nan ƙwaya ɗari uku da goma sha biyu ce a ciki. Ya bi gida gida yana faɗa wa mutane abin da safiyo ya ce, kowa na cewa to Baba, mun ji.

Sai ga saƙo daga ƙauye. Kuma kada in yi wa Tobias ƙarya, maganarsa ba ta banza ba ce. A taron da ya kira ranar Lahadi bayan sujada, ya ce ƙauyensu ba asibiti, ba hanya, mace mai naƙuda a kan gadon kara ake ɗauko ta, wasu a hanya suke cikawa. In yawansu ya kai za a ba su mazaɓa da kansila nasu. Ya ce Jalingo ta ƙoshi da mutane, ba ta san da zamansu ba, amma ƙauye kowane kai ɗaya yana da amfani. Sannan ya karanta abin da dattawa suka yanke: duk wanda ba a shafa wa tawada a gida ba, ya cire kansa daga gida, da ransa da gawarsa.

Mutanen nan za su iya haƙura da yunwa, za su iya haƙura da haya, amma a ce ba za a kwantar da mutum kusa da ubansa ba, wannan ba abin wasa ba ne a wurinsu. Job ya miƙe ya ce shekara ashirin da biyar suna shan ruwan kogin nan, 'ya'yansu a nan aka yanke musu cibiya, in suka tafi ranar da gwamnati ta zo dubawa to sun gaya mata da bakinsu cewa ba kowa a nan. Tobias, da yake ƙanen mata ne akwai wasa tsakaninsu, ya ce, "Mijin yaya, kai ka riga ka yi wa kanka shimfiɗa a gindin gwaiba. Mu fa? Gwaibar za ta ishe mu duka?" Aka yi dariya, irin dariyar da mutane ke yi don su samu hanyar tashi.

Washegari da safe ina ƙarƙashin mota ina ɗaure wani ƙarfe, na ga ƙafafun Baba Job sun tsaya a gefen taya. Na fito ina goge hannu. Ya ce ya ji an ce ni zan kwashe su. Na ce masa Baba, in ban ɗauka ba wata motar za ta ɗauka, mutanen nan ko da ƙafa sai sun tafi.

Ya ce, "Na sani. Amma wata motar ba ta ci tuwo a gidana ba."

Ya juya ya tafi. Na tsaya da sufana a hannu ina kallon bayansa. Na yi tunanin in je in warware cinikin, har na wanke hannu. Sai na tuna doyar ƙauyen nan sawu ashirin ce ko fiye, na tuna tayoyina biyu sun sude. Na koma ƙarƙashin mota.

Da 'yan ƙauyen Tobias suka fara ɗaure kaya, sauran ma kowa ya tuna yana da gida. Tibi suka ce su ma an aiko musu, masunta suka ce haka, kafinta ya rufe shago ya nufi Wukari da iyalinsa. Kwana huɗu ina jigila. Kowa zai tafi sai ya biya ta gidan Job ya bar masa makulli, ya roƙe shi ya duba masa awaki da kaji, shi kuma ya karɓa ya rataye a ƙusa. Ba wanda ya ji kunyar roƙon, don tun da aka kafa unguwar shi ake bar wa makulli.

Esta ce ta ƙarshe. Tsohuwarta tana da rai a lokacin, ta aiko cewa in ba ta zo ba kada ta zo ranar mutuwarta. Kwana biyu ana jin muryarsu ƙasa ƙasa a ɗaki. A sawun ƙarshe na ga Job ya fito riƙe da jakarta, ita tana biye tana share ido da bakin zane. Shi ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ce mini in bi da ita a hankali wajen gangaren dutse, bayanta na ciwo.

Na so in kwana a ƙauyen a ƙidaya ni a can, don ni ba ruwana da inda za a rubuta ni. Amma an ce ranakun ƙidaya ba mota a hanya, ni kuma ba na son barin motata a daji kwana uku. Na juyo na iso kafin magariba. Haka aka yi na zama ɗaya daga cikin waɗanda aka samu a Teku, ba don kirki ba.

Washegari da hantsi malamar ƙidaya ta iso, wata malamar firamare mai suna Roseline, da jaka a kafaɗa da kwalbar tawada. Job ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya share ƙofar gida, ya fito da bencina har shida kamar ana biki. Ta duba bencinan ta duba unguwar. Ba abin da ake ji sai kukan awaki.

Ya ɗauko makullan ya ce ta biyo shi, ni ma na bi su. Kowace ƙofa ya tsaya ya buɗe, ya ce nan gidan wane ne, shi da matarsa da 'ya'ya biyar da ƙanwar matar; ga tabarmarsu, ga tukunyarsu, taɓa murhun ki ji, shekaranjiya aka dafa abinci a kai. Ta bi shi har gida goma. A na goma sha ɗaya ta tsaya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wanda idona ya gani na shafa masa tawada, shi kaɗai aka ce in rubuta."

Ya koma gida ya ɗauko gwangwanin, ya zazzage masarar a kan benci, ya fara ware ta gida gida da yatsa yana kiran sunaye. Yarinyar nan ta zauna ta saurare shi har ya gama, Allah ya yi mata albarka, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce ta yarda da shi, ta san ba ƙarya yake yi ba, amma takardar ba ta da wurin da za a rubuta wannan. Sannan ta buɗe sabon shafi ta tambaye shi su nawa ne a gidansa.

Ya ce, "Mu uku."

"Ina sauran biyun, Baba?"

"Ɗaya tana ƙauye. Ɗaya tana bayan ɗaki."

Ta leƙa bayan ɗakin ta ga gwaiba da tudun ƙasa. Ta dawo ta zauna, ta daɗe tana gyara murfin biro. Sannan ta rubuta ɗaya, ta kama babban yatsansa ta shafa.

Mu goma sha huɗu aka samu. Ni da Job, Kadijatu da jikokinta biyu don ba ta da mai kula mata da shanu, wani makaho da matarsa, wata mai jego da jaririnta na kwana uku da uwar mijinta, sai tsofaffi huɗu da ba za su iya hawa mota ba. Kadijatu da aka shafa mata tawada ta duba yatsan ta ce wa malamar useko, wato don Allah da Fulatanci, ta rubuta shanun ma, ko yawan zai ɗan ƙaru. Ba wanda ya iya dariya sai ita.

Bayan kwana uku na fara dawo da su, mutane a sama doya a ƙasa. Kowa ya zo karɓar makulli da baƙin yatsa, ido a ƙasa. Job bai yi wa kowa gori ba. Ya miƙa makulli, ya ce akuyarka ta haihu, ya ce kazarki ɗaya shaho ya ɗauka. Esta kuwa mako biyu tana miƙa masa abinci da hannun a naɗe cikin zane har tawadar ta goge.

Fiye da shekara biyu ba abin da ya faru, har mutane suka fara cewa tsoho ya tsorata su a banza. Rannan da safe, cikin 1994, sai ga mota da mutane uku da bokitin jan fenti. Kafin azahar kowane bango a unguwar yana da alama. Job ya tara maza ashirin muka tafi wurin kwamitin rabon filaye. Wanda ya saurare mu mutum ne mai ladabi, har kujera ya ba Job. Ya jawo wata takarda, ban san daga inda suka samo ta ba, ya sa yatsa a kan layi ya juyo mana da ita. Ni na iya karanta lamba. Goma sha huɗu.

Ya ce, "Baba, mutum goma sha huɗu ai ba unguwa ba ce, gida ne."

Mazan da ke bayanmu suka fara hayaniya, kowa na cewa shekararsa kaza a wurin. Mutumin ya tambaye su a ina aka ƙidaya su. Ya ce mu goma sha huɗun za a ba mu wani wuri a kan tudu, sauran kuwa a takarda baƙi ne da suka zo daga baya, ba abin da zai iya yi.

Wata uku aka ba mu. Ni na kwashe kwanon rufinsu da azara, wasu Sintali, wasu Yelwa, wasu suka koma ƙauye gaba ɗaya. Mutanen da suka yi shekara ashirin suna jin tarin juna ta bango suka watse cikin mako shida. Job ya roƙi a bar masa ko da bayan ɗakin nan ne kawai, taku goma, aka ce zanen ya riga ya fita. Gidajen ma'aikata aka gina a wurin. Gwaibar ta faɗa cikin katangar wani ma'aikacin lafiya mai suna Peter, mutumin kudu, wanda da ya ji labari ya hana a sare ta, yakan kuma buɗe wa Job ƙofa ranar Lahadi ya zauna a gindinta. Bayan shekara aka yi wa Peter canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya malale tsakar gidan da siminti don ajiye mota.

Daga nan Job ya daina fita. Ɗaki ɗaya ya gina a kan tudun, ba bishiya, ba a ganin kogi. Ya rasu da damina a 1996, ba wata doguwar jinya.

Esta ta aiko a kira ni. Ta ce tunda wurin da ya tanada ba shi, a kai shi gida wurin iyayensa. Na wanke mota na shimfiɗa tabarma, muka ɗora akwatin, mata shida suka zauna kewaye da shi suna waƙar coci a hankali. Hanyar ƙauyen an gyara ta, awa ɗaya da rabi muka yi a inda da muke yin uku.

Dattawa suka tarbe mu a bakin gari, suka yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan suka keɓe. Sun daɗe. Da suka dawo babbansu ya ce Job ɗansu ne, ba mai musun wannan, amma an yi magana a gaban kowa, mutane sun bar gidajensu saboda maganar nan har sun rasa su. In aka karya ta yau, me za a ce wa waɗancan? Ya ce akwai wuri a bayan sabon asibiti, bakin hanya, inda ake sa baƙi. Tobias yana tsaye a gefe, kansila ne a lokacin, da hula da takalmi mai sheƙi. Ya matso ya ce, "Yaya, ki karɓa. Wurin ba laifi, ni zan sa a kewaye shi da bulo."

Esta ba ta dube shi ba. Ta ɗora hannu a kan akwatin ta ce mini, "Andrawus, ta da mota. Bai ce shi baƙo ne a nan ba, cewa ya yi shi ɗan Teku ne. Ni ce ban tsaya an rubuta mu biyu ba."

Muka juyo. A maƙabartar gari muka sa shi, da la'asar sakaliya, tsakanin wani ɗan sanda da wata mata da ba wanda ya san sunanta a cikinmu. Labari ya riga mu isowa, mutanen Teku suka fito daga Sintali da Yelwa da ko'ina, har Kadijatu da sandarta ta tsaya daga bakin shinge. Sun fi ɗari biyu. Kowa na tambayar kowa ina kake zaune yanzu.

In ana maganar wanda ya ci da wanda ya faɗi, ƙauyen ya ci: sun samu mazaɓa, sun samu asibiti da hanya, kuma na ji an ce mata sun daina mutuwa a kan gadon kara, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tobias ya ci, ko da yake yayarsa ba ta sake taka gidansa ba har ta mutu. Ma'aikata sun samu gidaje a bakin ruwa. Ni na ci fiye da kowa: na yi jigilar doya shekara uku, na yi jigilar kaya ranar tashi, yashin da aka gina gidajen da shi ma motata ce ta kwaso, har fili aka ba ni a kan tudu don ina cikin goma sha huɗun. Mutum ɗari uku sun rasa gidajensu da maƙwabtansu. Esta ta rasa miji da ƙane da kabarin 'yarta. Job kuwa, wanda shi kaɗai ya faɗi abin da zai faru kuma ya tsaya a inda ya ce zai tsaya, bai samu gefen 'yarsa ba, bai samu gefen ubansa ba.